Tumbin Auta

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Wannan littafin awon gini ne, saura 'yan shafuka a bayansa. Tunda a gidan nan ba mai sauraren maganata, zan zuba ta a nan. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhun siminti na koyi baƙi. Duk wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya je ya duba katangun da na yi shekara arba'in da shida ina ginawa, ya nuna min wadda ta karkace.

Ga abin da aka yi min. Jiya da yamma ƙanwata ta zo, wadda yara suke kira Gwaggo. Ita da 'yata Auta suka zaunar da ni a tsakar gida kamar an kama ɓarawo. Wai ranar Alhamis ta sama za a cire wa Auta tumbi. Ba rabi ba, gaba ɗaya. Yarinyar da ba ta taɓa cewa cikinta yana ciwo ba. Shekararta ashirin da tara, tana cin abincinta, tana zuwa makarantar da take koyarwa da ƙafarta. An sa rana, an ajiye gado. Ni sanarwa kawai aka yi min.

Na ce yayanta Dogo da yake kwance a asibiti wata na biyu ke nan bai ishe mu ba, sai mun kai musu mai lafiya?

Ba a tambaye ni ba.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Yanzu na gane gwajin jinin watan jiya. Auta ce ta ce min, "Baba, zo mu je a duba ka, ka daɗe ba a auna ka ba." Na bi ta kamar tunkiya. Na miƙa hannu aka ɗiba, na sa hannu a takarda. Ashe ba sukari ake nema ba, ba hawan jini ba. Laifi ake nema a jinina. Wai kuma an samu.

Ta rantse wata likita ta yi min bayani a ranar har na ce to. Wataƙila ta yi. Ni a lokacin lintar tagar ofishin nake kallo. Wanda ya zuba ta bai bari ta bushe ba ya ɗora mata bulo.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Na ci burodi biyu da shayi kofi guda. Shekara saba'in da huɗu. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Na je duba Dogo. Gado na huɗu daga ƙofa, kusa da famfon da yake ɗiga. Yaron da yake tuƙa babbar mota kwana biyu ba barci, ya sauko ya ɗauki buhun siminti biyu yana yi min dariya. Yau agogonsa ya sauka har gwiwar hannu. Yana ganina ya ce, "Tsoho, ka zo duba aiki ne? Gaya musu filastar ɗakin nan ta kasa." Na ce ta kasa mana, tun daga ƙofa na gani. Matarsa ta ba shi ruwa cokali biyu, ɗaya ya dawo.

Zan fita likitarsa ta tare ni, wata siririya mai tabarau, ba ta kai Dogo shekaru ba. Ta ce, "Baba, an ce min kai birkila ne. Zo ka zauna, da kai maganar za ta fi sauƙi."

Ta juya wata takarda ta zana bulo a jere. Ta ce haka bangon tumbi yake daga ciki, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace manne da 'yar'uwarta. Abin da yake manne su wani furotin ne, ta faɗi sunansa, kadarin ko me. Ta ce shi ne simintin. Kowane mutum yana gadon tsarin haɗa shi sau biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A gidanmu ɗayan a lalace yake zuwa. Muddin ɗayan yana aiki, gini yana tsaye. Ranar da shi ma ya lalace a jikin wata ƙwaya, sai ta saki makwabtanta ta zame. Ta ce irin wannan kansar tumbi ba ta yin ƙullutu a wuri ɗaya balle a gani a yanke. Ƙwayoyin ɗaya-ɗaya suke sulalewa ta ƙarƙashin shafe, sama sumul, ƙasa kuwa sun yi nisa.

Na ce, "Likita, kin ga wani abu a cikin yarinyar nan?"

Ta ce, "Mun zura kyamara sau biyu, ba mu ga komai ba."

Na ce, "To?"

Ta ce, "Na Dogo ma ba a gani ba sai da ya gama tafiya."

Na ce mata ni shekara arba'in da shida ban taɓa rushe bangon da bai tsage ba. In ina shakkar bango, ƙotar cokalin gini nake buga masa in kasa kunne. In da rami a ciki zai gaya min. Ta ce, "Wannan ba ya magana, Baba." Na ce to ni fa, da kuka ce a jinina abin yake, ga ni zaune da tumbina. Ta ce, "Kai ka tsira. Ba kowa yake kamuwa ba. Amma ba mu da hanyar sanin wa zai tsira, ita kuma Auta ta gaji abin, ga shi ƙanwar Dogo ce."

Sai ta buɗe fayil ta ce, "Gwaggonsu ta gaya mana yadda mahaifiyarku da ƙaninku suka..."

Na ɗauki hulata na fita.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Ƙanwata. Ni na goya ta. Da Inna ta rasu, maƙwabta suka fara cewa gidanmu akwai ciwo. Da ƙaninmu ya bi ta bayan shekara shida, masu neman auren ƙanwata biyu suka ɗauke ƙafa. Wa ya tsaya a ƙofar gida ya ce duk wanda ya ƙara faɗin haka sai ya gane kurensa? Wa ya rufe maganar har ta yi aure ta haifi 'ya'yanta? Yau ita ce ta je ta kwance komai a gaban baƙuwa mai biro.

Inna ajalinta ne ya yi. Ƙanina kuma ba ya cin abinci a kan lokaci, na sha gaya masa. Rama kuwa kowane mara lafiya yana ramewa.

Dogo abincin hanya ne ya ɓata masa ciki. Shekara goma sha biyar yana ci a tasha.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Na daina cin girkin Auta. Na fita na sayo burodina da kaina.

Laraba, 12 ga wata, bayan la'asar

Ta same ni ina gyara dakalin ƙofar gida. Ta tsuguna ta riƙe min igiya ba tare da na ce ta riƙe ba. Tun tana 'yar shekara bakwai ta iya riƙe igiya, ta fi yayanta.

Ta ce, "Baba, gobe ne."

Na ce, "Ja igiyar, ta yi sako-sako."

Ta ce, "Takardar ni zan sa wa hannu, ba sa buƙatar naka. Amma ba zan kwanta a ƙarƙashin wuƙa kana fushi da ni ba. In ba ka ce je ki ba, ba inda za ni."

Na ce ai kun gama shawararku a bayana, ku ƙarasa a bayana. Na ce mutum da me zai ci abinci in ba tumbi? Ta ce hanji ake jona wa maƙoshi, a riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da wata allura lokaci-lokaci, kuma akwai masu rayuwa a haka har su tsufa. Na ce kin gan su da idonki? Ta ce ta ga Dogo da idonta.

Na ce ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ta ce, "To shi ke nan. Taurin kan ma a jininka na samo, shi ne dai ba su gwada ba." Ta ɗaure igiyar a ƙusa ta shiga gida. Ɗaurin ya yi kyau.

Alhamis, 13 ga wata, da azahar

Ba ta je ba. Jakarta tana nan a bakin ƙofar ɗaki tun asuba, da silifas a kai. Wayarta ta yi ƙara sau uku, na huɗun ta ɗauka ta ce a ba wani gadon. Daga nan ta ɗaura zani ta hau wanki, har da rigunana masu tsabta.

Na yi nasara. A gidan nan har yanzu maganata tana da nauyi.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Jakar tana nan. Ba zan ce a ɗauke ba.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Na zaga gidan nan da cokalin gini ina buga bango, ɗaki-ɗaki. Ko'ina tsam. Ni na gina shi.

Wani aiki ya dinga faɗo min a rai. Ya kai shekara talatin. Wani mai kanti ya kira ni in ɗora masa bene a kan ginin da wani ya yi masa. Bango sumul, fenti sabo, ba tsagewa ko ta gashi. Na buga, amo lafiya. Sai ƙusa ta kuɓuce min wajen kafa katako ta shige tsakanin bulo da bulo kamar cikin burodi. Na ɓare filasta faɗin tafin hannu. Ashe kwaɓin yashi ne zalla, an nuna masa siminti daga nesa. Da yatsu nake zaro bulo ɗaya-ɗaya. Na ce a sauke shi duka. Mai kanti ya yi ta ihu, wai ina tsagewar take, nuna min tsagewar. Na ce in ka jira tsagewa, a kan 'ya'yanka za ka gan ta. Aka sauke.

Ban gaya wa likita wannan ba. Ba ta tambaye ni ba. Kuma bulo daban, mutum daban.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar

Cikin Dogo ya cika da ruwa. Sun sa roba sun zuƙe kwalba uku. Likitar ta ce ƙwayoyin sun bar tumbi sun watsu a jikin hanji, ba wuri ɗaya da za a ce nan ne. Yau bai yi maganar filasta ba.

Ta sake ba Auta rana, huɗu ga watan gobe. A gabana ta faɗa, amma ba ni take kallo ba. Auta ta ce, "Sai abin da Baba ya ce." Duk masu jinya suka juyo suna kallona kamar ni ne ciwon.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Shayi kawai. Ba wani abu ba ne, burodin ne ya kwana.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ƙanwata ta zo ba sallama. Ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, kana so ka binne biyu ne?"

Na ce ta iya bakinta, a gidana take.

Ta ce, "Shekara biyu da suka wuce, da Dogo ya fara amai, wa ya raka shi asibiti?"

Na ce ni.

Ta ce, "Da wancan likitan ya tambaya, me ka ce masa?"

Na nuna mata ƙofa. Ta ce, "Zan fita. Amma ni ma 'yar Inna ce, ni na wanke ta, na san nauyin da ta koma." Ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Tambaya ɗaya ce. Mutumin yana rubutu, ko kai bai ɗago ba. Wai ko akwai wanda ya taɓa ciwon ciki mai tsanani a dangi. Haka kawai, a gaban mai jinya, a gaban matar Dogo, ƙofa a buɗe mutane suna jere a benci. Na amsa yadda duk mai rufa wa gidansa asiri zai amsa. Shi ne likita, ba ni ba. Ya ce olsa ce, ya rubuta magani. Shekara biyu yaron yana shan farin maganin nan yana tuƙi.

Da abin yana da muhimmanci haka, ai sai ya ɗago kai ya tambaya sau biyu.

Lahadi, 23 ga wata

Ban fita ba.

Litinin, 24 ga wata, da hantsi

Auta ta ajiye min kwano a ƙofar ɗaki ta tafi makaranta. Na ci. Gishiri ya yi kaɗan.

Laraba, 26 ga wata, bayan azahar

Na samu Dogo shi kaɗai, matarsa ta je ɗauko yara daga makaranta. Na ja kujera. Na daɗe ina kallon famfon nan, wani ya ɗaure shi da leda.

Na ce, "Dogo, akwai wata magana. Ranar da na raka ka wajen wancan likitan."

Ya ce, "Na sani, Tsoho."

Na ce ka san me.

Ya ce, "Kaka da Baba Ƙarami. Gwaggo ta gaya min tun ranar da aka kwantar da ni."

Kusan wata uku ke nan. Wata uku ina zuwa ina tsaye a kansa ina faɗa a kan abincin tasha, ina cewa na sha gaya maka, yana cewa gaskiya ne Tsoho, na yi kuskure. Matarsa ta sani. Auta ta sani. Suna kallona ina zuba.

Na ce me ya hana ka gaya min?

Ya ce, "In gaya maka ka yi yaya? Ka riga ka tsufa da yawa, ba za ka gyaru ba." Ya yi dariya, dariyar ta sa shi tari. Na riƙe masa kwano. Da ya lafa ya ce, "Na bar wannan tuntuni. Ba da mugunta ka yi ba. Likita ma ta ce ko da an sani, ba lallai ne a gani da wuri ba."

Na ce amma da an sani da an duba da kyau.

Bai ce a'a ba.

Can ya ce, "Abu ɗaya nake so. Ka bar Auta ta je ina da rai, in ji an fito da ita. Ni na zama misali, kada in zama misali a banza."

Ko yafewar ma a bayana aka yi min ita. Ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 27 ga wata, da safe

Tana ɗaura agogo za ta fita na ce, "Jakar nan ta ishe ni tuntuɓe. Ranar huɗu ki ɗauke ta ki je."

Ta tsaya. Ta ce, "Baba, da baki ne ko har zuciya?"

Na ce, "Bakin kika nema."

Ta ce, "Ƙarasa min to."

Na ce Allah ya tashe ki lafiya. Ta durƙusa ta kama ƙafata, na ce tashi kin makara.

Alhamis, 4 ga sabon wata, bayan la'asar

Awa biyar. Na ƙirga tayil ɗin barandar, ɗari biyu da sittin da takwas, tara a fashe. Ƙanwata tana can ƙarshen benci, ta turo min ruwa ban sha ba. Da suka turo Auta tana barci da roba a hanci, likitar ta ce an yi lafiya. Na ce in ga abin da kuka cire. Ta ce an kai ɗakin gwaji, za su yayyanka shi sala-sala su duba kowane yanki, sai nan da mako biyu. Na ce a ido yaya yake? Ta ce, "A ido lafiyarsa ƙalau, Baba."

Na hau sama na gaya wa Dogo an fito da ita. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

A ido lafiyarsa ƙalau. Da bakinta ta faɗa.

Lahadi, 7 ga wata, da rana

Ta sha ruwa cokali uku. Ta ce, "Baba, yanzu ba za ka ƙara cewa ina cinye maka abinci ba." Ban yi dariya ba.

Talata, 9 ga wata

An sa wani a gado na huɗu.

Asabar, 13 ga wata, da hantsi

Masu ta'aziyya sun ragu. An mayar da tabarmin aro. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Alhamis, 18 ga wata, bayan azahar

Auta tana gida, ba ta iya doguwar tafiya tukuna, don haka ni na je karɓar sakamako. Na shirya maganata tun a hanya. In suka ce ba komai, zan tambayi likitar a ina ake mayar wa mutum tumbinsa.

Ta juyo min da allon kwamfuta. Wani hoto ruwan hoda, da 'yan ƙwayoyi zagaye-zagaye kowace ta ware gefe ita kaɗai. Ta ce wuri goma sha ɗaya suka samu. Mafi girma bai kai kan allura ba. Duk sun saki, duk suna kwance a ƙarƙashin shafe, amma ba wadda ta kai ga ratsa bangon ta fita. An cire su tare da gidansu.

Na ce goma sha ɗaya. Ta ce goma sha ɗaya.

Na daɗe ina juya hulata. Sannan na ce, "Mako ukun nan da aka ɗaga aikin fa?"

Ta rufe fayil ta ce, "Wannan karon ba su yi ɓarna ba, Baba."

Wannan karon. To ita ma an gaya mata amsar da na ba wancan likitan.

Ta miƙe ta buɗe min ƙofa da kanta, har da a gaida gida Baba, a sauka lafiya. Na dawo na tarar da ƙanwata ta ajiye min abinci a rufe. Matar Dogo ta wanke min takalma. Auta daga kwance tana tambaya ko na sha rana. Haka dukkansu suke yi min yanzu, ladabi kamar me. Da ɗaya a cikinsu zai daure ya dubi idona ya zage ni, da na samu na ci abincin nan.